Rumbun da Kawu Ya Ƙi Leƙawa

Na Allah ne mu, wurinsa za mu koma, Kawu dai ya riga mu. Da asubar Litinin ya cika, makonni kaɗan bayan an gama kai damman gero gida. Ina shirin fita lakwal, makarantar da nake koyarwa a Damagaram, aka kira ni. Ban san yadda na shiga mota ba, ban san yadda mai kabu-kabu ya ɗauko ni daga Magariya ba. Na dai tsinci kaina a ƙauyenmu na ƙasar Yekuwa an gama yi masa sutura, maza sun fito da shi ƙofar gida.

Mu mata muna daga ciki, darni ne kawai tsakaninmu da sahu, don haka babu abin da ya wuce kunnena. Kafin a ta da kabbara liman ya yi tambayar da ake yi a kan kowane mamaci.

"Jama'a, wanda ya san yana bin bawan Allahn nan wani abu, ko da dala ce, ya faɗa magada su ji. Wanda ya yafe kuma ya faɗa."

A garinmu liman ba ya rufe baki ake amsawa. Ran nan kuwa aka yi tsit. Na ji kukan tunkiya can bayan gari, na ji wani ya gyara murya. Sai da liman ya maimaita, sannan muryoyi suka taso ɗaya-ɗaya, ƙasa-ƙasa: "Mun yafe. Mun yafe." Matar Kawu, wadda muke kira Iya, ta damƙe hannuna har ƙumbarta ta shige ni. Ni kuwa abin da ya taso mini ba kuka ba ne, fushi ne. Kun yafe me? Me ya ci muku? Da ba gawa ce a gaba ba, da na keta darnin nan na tambaye su baki da baki.

Haka zaman makokin ya tafi. Mace za ta shigo ta durƙusa gaban Iya ta ce, "Allah ya yafe masa kurakuransa," ta ja kalmar nan ta ƙarshe yadda kowa zai gane inda ta dosa. Wata ta ce, "Ai mutumin kirki ne, sai dai kuɗi ba su bar kowa ba." Ta faɗa ne da nufin ta'aziyya, har da share ƙwalla. Tsofaffin ɗalibansa da suka zo daga nesa su ba su san komai ba, kukansu kawai suka yi. Wani jandarma mai furfura ya zauna a zaure yana ta faɗin, "Shi ya kama hannuna ya koya mini riƙe alli." Ran sadakar uku wani tsohon makiyayi ya iso daga wajen Dungas, ɗansa na ɗauke da ƙwaryar nono. Ya yi gaisuwa, sannan ya ɗaga murya ya ce, "Mutumin nan ya ƙwato mini kuɗin saniya guda daga hannun banki, ko goro bai karɓa ba." Ƴan garinmu suka dubi juna.

Mutum ɗaya ne bai ce komai ba, mai daɗi ko marar daɗi: taubashin Kawu, ɗan gwaggonsa, wanda nake ce wa Baba. Kwana bakwai yana zuwa, ya zauna a ƙarshen tabarma, ya ƙura wa ƙasa ido, ya tashi da magariba.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami ke nan. Ba na so yaran da ke tasowa su tashi da rabin labari, su ce wani mushe ne, wato malamin lakwal, da aka ba ajiyar kuɗin famfo suka ragu a hannunsa.

Kawu yayan mahaifiyata ne. Da ta rasu shi ya ɗauke ni, shi ya sa ni lakwal a lokacin da ƴan mata biyu ne kacal a ajinmu. Shekara talatin da wani abu ya yi yana koyarwa, daga wannan ƙauye zuwa wancan, kafin ya ajiye aiki ya dawo gonarsa. Dogo ne, siriri, ga saurin fushi ga saurin hucewa. Duk rigar da ya mallaka aljihunta fari ne, saboda ba ya rabuwa da guntun alli, ko masallaci za shi. Yana da jan alƙalami da ba ya ba kowa aro. Wasiƙa in ka aiko masa, sai ya gyara kurakuranta da ja kafin ya ba ka amsa. Ta neman aurena ma bai bar ta ba.

Maganarsa guda ce da duk wanda ya zauna a ajinsa ya haddace: "Karanta har ƙasa." In yaro ya karanta layi biyu ya ɗaga hannu, sai Kawu ya buga tebur. "Ka kai ƙasa? To koma. Karanta har ƙasa." Takardar magani, takardar haraji, ƙuri'ar zaɓe, duk haka. Mun sha yi masa dariya a bayan ido, muna kwaikwayonsa har a kan kwalin ashana.

Shi da taubashinsa kuwa ba a cewa komai. Tun suna yara ba su taɓa gaisawa da mutunci ba. Baba yana hango shi zai kwaɗa masa kira, "Ɓarawon alli! Yau na wace lakwal ka kwaso?" Kawu ya ce, "Bawana, ka share mini ƙofar gida kuwa?" A kasuwa, a wurin suna, ko gaban baƙi, babu ruwansu. Kowace shekara in watan cika-ciki ya kama, Baba zai zo da tsintsiya ya yi shara biyu ta ƙarya a ƙofar zaure, ya miƙa hannu. Kawu ya lalubo dala ashirin ya ba shi kuɗin shara, yana mita wai bawan bana ya fi na bara lalaci. Su biyun sun haura sittin suna wannan.

Da masu froje, ƴan aikin raya karkara, suka haƙa mana famfo, sun kafa sharaɗi: a naɗa kwamitin ruwa, kowace mace ta biya dala a kan bido, wato jarkar ruwa, kuɗin kuma a kai banki saboda ranar da famfo zai lalace. Aka naɗa Baba shugaba, aka ba Kawu ajiya don shi ne mai karatu. Mutane da yawa ba su so zancen bankin ba. Sun fi son a sayi tumaki a ba mata kiwo, ko a sayi gero a zuba a rumbu. Kawu ne ya tsaya ya lallashe su. Ina wurin ran nan, na zo hutu.

"Ku ɗauka rumbu ne," in ji shi. "Rumbun da gara ba ta shiga, ɓera ba ya shiga, gobara ba ta cinsa. Abin da kuka zuba, shi za ku tarar."

Aka yarda saboda shi ya faɗa. Da kuɗin suka taru, jika ɗari huɗu, dala-dalar mata ta shekaru, ya hau amalanke ya kai su wani banki a Magariya, aka buɗe asusun ajiya, abin da suke kira kwanti. Kuɗin da ake tarawa bayan nan ana kashe su a ƙananan gyare-gyare, waɗancan kuwa aka bar su don babbar rana.

A nan Kawu ya yi kuskuren da sai mutumin kirki na garinmu zai yi shi. A wurinmu in an ba ka ajiya, mutuncinka shi ne kada a ga kana kewaya ta. Rumbun tsimi ba a buɗe shi don a leƙa, sai ranar buƙata, gaban shaidu. Saboda haka shekara shida Kawu bai taka ƙofar bankin nan ba. In ya je kasuwar Magariya ma sai ya canja hanya, ya bi ta bayan masu gyaɗa, don kada wani ɗan garinmu ya hango shi kusa da wurin ya ce mushe ya fara taɓa kuɗin famfo. Na taɓa ce masa, "Kawu, ka riƙa zuwa kana dubawa mana." Ya harare ni ya ce, "In duba me? Ƙafa gare su?"

A bazarar shekara ta bakwai famfo ya tsaya cak. Makaniki ya duba ya ce sai an canja kayan ciki, jika ɗari uku da hamsin. Kowa ya ce alhamdu lillahi, akwai su har da saura. Kawu ya sa babbar rigarsa, ya tafi tare da Baba da wani dattijo. Yarinyar da ke gishe, tagar biyan kuɗi, ta danna na'ura, ta rubuta a ƴar takarda ta miƙo. Jika ɗari biyu da talatin da biyu.

Baba ya ba ni labarin daga baya, ya ce Kawu ya yi dariya tukuna, ya ce, "Ƴata, kin yi kuskure, sake lissafi." Ta sake. Aka fito musu da doguwar takarda mai nuna shige da ficen kuɗi. Babu ranar da wani ya zo ya cira. Amma kowane wata an cire jika ɗaya, wai kuɗin riƙon kwanti. Kowane wata an cire dala ɗari, rabin jika ke nan, wai kuɗin mesaj da ake aikawa a salula. Kowace shekara an cire jika goma, wai kuɗin karti na cirar kuɗi a na'ura. Kawu bai taɓa ganin kartin ba. Lokacin da aka buɗe kwantin ko salula ba shi da ita.

Aka tara gari a gindin tsamiyar masallaci. Kawu ya tsaya da doguwar takardarsa yana karantawa yana fassarawa, layi-layi. To amma da Faransanci take, kuma duk taron shi kaɗai ke iya karanta ta. Wani daga baya ya ce, "Shi ya kai, shi ya ɗauko, shi ke karanta mana." Wani ya ce, "Gidan da ke da mai gadi da bindiga ne zai zauna yana tsintar dala ɗari-ɗari? Haba." Wata tsohuwa ta ce, "Mushe, ba kai ka ce gara ba ta shiga ba?" Ba wanda ya fito ya ce ɓarawo. Baba ne ya rufe taron. Ya miƙe, bai dubi Kawu ba, ya ce:

"Malam, a ba mu takardun kwamiti. Za mu nemi wani ya riƙe."

Iya ta ce da ya dawo gida bai ci tuwo ba. Ya zauna ya ce mata, "Kin ji abin da ya kira ni? Shekara sittin yana ce mini ɓarawo, ban taɓa jin ciwo ba. Yau da ya ce Malam na san ya yarda na ci."

Daga ranar Baba bai sake tsokanarsa ba. In sun haɗu sai ya rusuna kaɗan ya ce, "Malam, an wuni lafiya?" Watan cika-ciki ya zo ya wuce, ba a ga tsintsiya a ƙofar zaure ba. Famfo kuma aka lallaɓa shi da tsofaffin kaya daga tsallaken iyaka, ya yi wata biyu ya tsaya, a sake ɗaurawa. Duk ranar da ya tsaya mata su koma tsohuwar rijiya mai nisa, Iya na cikinsu da tsufanta, tana jin abin da ake faɗa in an ɗauka ba ta ji.

Kawu ya fara zarya. Mutumin da ya shekara shida yana kauce wa ƙofar banki ya koma kowace ranar kasuwa shi ne farkon layi. Ya rubuta wasiƙa ta farko, aka ce a jira. Ya rubuta ta biyu, aka ce shef, wato shugaban wurin, ya yi tafiya. Amsar da suka fara ba shi a rubuce, ya zauna nan kan bencinsu ya gyara mata kurakurai huɗu da jan alƙalami ya mayar musu. Abu ɗaya ya nace a kai: a nuna masa takardar da ya sa wa hannu ranar buɗe kwanti. Wata bakwai aka yi kafin a lalubo ta.

Shafi uku ce. A na ukun, can ƙasa, da ƙananan baƙaƙe, an rubuta kuɗin riƙon kwanti, jika ɗaya a wata. Ga sa hannun Kawu a ƙarƙashi. Zancen karti da na mesaj kuwa babu inda ya sa hannu a kansu, gurabensu fayau. Ya gaya mini da kansa yadda aka yi. Ran nan tabaransa sun karye, hadari ya haɗo, mai amalanke na jira, yaron biro, ma'aikacin bankin, ya ce, "Baba, sa hannu nan, da nan, da nan." Shi kuma ya ji kunyar ya ce ba ya ganin ƙananan baƙaƙe.

"Ni," ya ce, yana nuna ƙirjinsa. "Ni da na kori yara waje saboda ba su kai ƙasa ba."

Ban taɓa ganin fuskarsa haka ba.

A zaryar nan ne ya zama abin da ya zama ga mutanen da ba su san shi ba. Yana zaune a layi sai ya ga tsoho na jujjuya takarda a kife, ya ce, "Kawo in gani." Kafin wata uku an san shi. Akwai itacen dogon yaro a tsallaken titi, nan yake shimfiɗa buzu, masu ƴan takardu su kewaye shi: matar da mijinta ya rasu ya bar kwanti, tsohon mai gadi da fansiyonsa ke raguwa bai san dalili ba, makiyayin nan na Dungas da ya sayar da shanu ya kai kuɗin ajiya aka manna masa karti biyu. Kawu ya karanta musu har ƙasa, ya ja layi da ja a ƙarƙashin abin da ba su sa hannu a kai ba, ya rubuta musu wasiƙa. Wasu an mayar musu, don nasu na mutum ɗaya ne, shef na iya warwarewa a nan. Nasa kuwa na kwamiti ne, wai sai an kai babban biro, hedikwatar bankin. Ya ƙwato wa baƙi, nasa ya ƙi fitowa. In an miƙo masa ladan rubutu sai ya ɓata rai, fura kawai yake karɓa.

Sau ɗaya shef ɗin ya kira shi ciki, ya ba shi kujera, ya ce za a ba kwamiti jika hamsin, kyauta daga banki, a sa hannu magana ta mutu.

"Kyauta?" in ji Kawu. "In kai musu kyauta su ce ɓarawo ya ji tsoro ya fara amayarwa? Ɗana, ni ba roƙo na zo ba. Ku rubuta cewa ku kuka cire, ba da izni ba, ku buga tampo, hatiminku, ku mayar da abin da kuka cira daidai. Mutanen garinmu ba su iya Faransanci ba, amma sun san ba a mayar da abin da ba a ɗauka ba."

Yanzu sai in faɗi nawa, don ba zan wanke kaina in bar mutanen gari ba. Da aka shekara ana wannan, na ga Kawu ya rame, tari ya kama shi, Iya ta daina zuwa biki. Na kwashi adashena, jika ɗari da sittin da takwas cif, abin da ya ɓace ke nan, na zo na ajiye a gabansa kan tabarma.

"Kawu, ga su. A kai wa kwamiti, a gyara famfo, ka huta."

Ya dube su kamar na ajiye masa mushen kaza. "Ɗauke."

"Don Allah, Kawu. Mata na wahala, Iya na wahala."

"In na biya, na ci ke nan. Har jikokinki za a ce musu kakansu ya ci ya biya. Ɗauke, na ce."

Ni ma jininsa ce, ba a daɗe ba muryata ta hau. Na ce girman kai ne. Na ce sunansa ya fi masa ƙishirwar gari. Bai tanka ba, shirun nan ya ƙara tunzura ni, sai bakina ya kufce na ce, "Ko dai akwai abin da ba ka gaya mana ba?"

Ya cire tabarau a hankali, ya dube ni. "Har ke?"

Shi ke nan abin da ya ce. Ya juya ya kira Iya, ya ce ta auno mini gyaɗa in tafi da ita, kada mota ta bar ni. Na tafi ina kuka, amma ban juyo na ce ya yafe mini ba. Wata uku ba mu yi magana ba. Rannan sai ga direban motar Magariya da ƙunshi. Dosiyen ne, takardun maganar bankin gaba ɗaya, da ƴar wasiƙa: an mayar da maganar babban biro na Damagaram, ƙafarsa ba ta kai nan, in riƙa bibiya. A ƙasa ya ƙara da cewa ranar da takarda ta fito ni zan karanta ta gaban gari, don ba za su ce ni na kai kuɗin ba. Na gane ya huce. Na ɗauka akwai lokaci, wata rana in mun zauna zan ba shi haƙuri yadda ya kamata.

Na yi zaryar ni ma. Je ki dawo, mai sa hannu ba ya nan, dosiye ya tafi, dosiye bai dawo ba. Na daina ƙirga zuwan da na yi. Kowace Juma'a Kawu zai ari salular maƙwabci ya kira, bayan gaisuwa ya ce, "Ta fito?" In ce tukuna. Ya ce, "To. Allah ya kai mu."

Wata Alhamis da rana aka kira ni daga bankin. "Madam, ki zo, akwai takarda." Ina tsakiyar gyaran jarrabawar yara, ga rana, ga kuma sau nawa aka ce mini haka in je in tarar wani fom ne za a cike. Na ce a raina sai Litinin. Washegari Juma'a Kawu ya kira, muryarsa ta dushe, ya ce, "Ta fito?" Ban so in sa masa rai a banza ba, na ce, "Tukuna, Kawu." Ya ce, "To. Allah ya kai mu." Maganarmu ta ƙarshe ke nan.

Bayan sadakar bakwai na koma na karɓo. Shafi ɗaya ce, da tampo. Bankin ya amsa cewa kuɗin karti da na mesaj an cire su ba da iznin mai kwanti ba, cewa kartin bai taɓa barin aljihun teburinsu ba, cewa babu wanda ya taɓa cirar ko dala daga kwantin tun buɗe shi. Sun mayar da jika casa'in da shida. Sun ba da haƙuri a layi ɗaya. Na dubi kwanan watan da ke sama: Laraba, kwana biyar kafin rasuwarsa. Na zauna a kan matakalar bankin na yi kukan da ban yi ba ranar jana'iza, har mai gadi ya zo yana tambaya ko an sace mini wani abu.

Ana gobe sadakar arba'in na je gida na nuna wa Iya. Ta shiga ɗaki ta fito da babban gwangwanin madara da yake ajiye takardunsa. A ciki akwai kwafin kowace wasiƙa, da jan alƙalamin, da ƙunshi biyu. Babban na buɗe na tarar da jika saba'in da biyu. Iya ta ce kekensa ne da raguna biyu da abin da ya riƙa tsamewa daga fansiyo. A jikin ƙunshin ya rubuta: "Na shafi na uku. Wannan laifina ne, ban karanta har ƙasa ba. Kada a bayar sai takardar banki ta zo." Ƙaramin ƙunshin na karanta abin da ke jikinsa, na mayar na ɗaure.

Da aka shafa fatihar arba'in na aika a roƙi liman, ya yarda in tsaya a bakin zaure. Na karanta takardar da Faransanci, na fassara, layi-layi, yadda ya koya mini. Wani matashi da ya yi karatu a Bande ya karɓa ya duba, ya ce haka take. Na ajiye shaidar kuɗin da banki ya mayar, na ajiye jika saba'in da biyu na Kawu a kai, na karanta abin da ya rubuta. Haɗe da abin da ya rage a kwanti, jika ɗari huɗu sun cika, babu dala da ta yi ciwon kai. Sai liman ya sunkuyar da kai ya ce, "Ran nan mun ce mun yafe masa. Ashe mu ke neman yafiya, ga shi babu mai ba mu."

Baba yana ƙarshen tabarma inda ya saba. Na je na durƙusa, na sa masa ƙaramin ƙunshin a hannu. Ya kwance. Ƙwandala biyu ce, dala ashirin-ashirin.

"Mene ne wannan?"

"Ya rubuta a jiki, Baba. Ya ce, 'Sharar bawana, ta shekara biyu. Bai zo karɓa ba.'"

Ya daɗe yana kallonsu a tafin hannunsa. Sannan ya ɗago, idonsa ya yi ja, ya tambaye ni abin da nake tsoro tun daga Damagaram.

"Ƴata, ya san takardar ta fito?"

"Bai sani ba, Baba. Tana biro tun kafin ya cika. An kira ni, ni ce ban je ba."

Ya dunƙule hannu a kan kuɗin, ya juya wajen dakalin da Kawu ke zama, inda har yanzu akwai ɗan farin alli a jikin bango. Ƙasa-ƙasa ya ce, "Ɓarawon alli." Ya sake faɗa, da ƙarfi, yadda yake kwaɗa masa kira a kasuwa. Sai ya rufe fuska da hannun riga, tsoho mai shekara saba'in, gaban gari duka.

An gyara famfon da sababbin kaya kafin azumi. Iya ba ta ɗiba a can, ta ce ba za ta iya ba tukuna.

Allah ya jiƙan Kawu, ya haskaka makwancinsa, ya ba shi takardarsa a hannun dama. Ni kuma ya yafe mini kalmar da na faɗa da Alhamis ɗin da na bari ta wuce. Wanda ya karanta wannan har ƙasa, don Allah ya sa shi a addu'a.